Gane Tsutsar Kaguwa da Jatan Lande ta Hanyar Bakod na DNA: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga ɗaliban ilimin halittu da na kiwon kifi a Kaduna da Zariya, musamman masu shirin aikin digiri na biyu, da malaman da ke duba su. An jera su daga na share fage zuwa na aikin ɗakin gwaji, kuma an sa musu lamba don a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mene ne bakod na DNA?

Kayan kanti suna ɗauke da zanen layuka wanda na'ura ke karantawa ta faɗi sunan kaya da farashinsa. Daga nan aka aro sunan. A jikin dabbobi akwai wani ɗan yanki na DNA da ya yi kusan zama iri ɗaya tsakanin 'ya'yan nau'i guda, amma ya bambanta sosai daga wani nau'i zuwa wani. Idan aka karanta jerin haruffansa, wato A, C, G da T, aka kwatanta da na dabbar da aka riga aka tabbatar da sunanta, sai a san ko su ɗaya ne. Paul Hebert da abokan aikinsa na Jami'ar Guelph a Kanada ne suka gabatar da tsarin a 2003. Yankin da suka zaɓa wani ɓangare ne na ƙwayar gado mai suna COI da ke cikin maitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta da ke samar mata da ƙarfi. Tsawon yankin haruffa 658 ne.

A riƙe wannan tun yanzu, domin duk sauran amsoshin a kansa suka tsaya: bakod kwatanci ne kawai. Ba ya raɗa wa dabba suna. Yana nuna cewa wannan ta yi daidai da waccan da ke cikin rumbun bayanai. In babu waccan a rumbun, ko an rubuta mata sunan da ba nata ba, abin da kwamfuta za ta ba ka ke nan.

2. Wace irin tsutsa ake nufi? Kaguwa tana da tsutsa?

Mun ari kalmar tsutsa ne don matakin rayuwa na farko bayan ƙyanƙyasa, lokacin da ɗan bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan. Halittun teku masu ɓawo, irin su kaguwa, jatan lande, lobsta da ƙananan kofefod, yawancinsu suna fara rayuwa suna shawagi a ruwa, suna yin saɓa daga mataki zuwa mataki. Kaguwar teku tana fitowa a matsayin zoea, mai manyan idanu da ƙaya a baya, ta yi saɓa sau da dama, ta koma megalopa, sannan ta sauka ƙasa ta zama 'yar kaguwa. Jatan lande na dangin Penaeidae yana bin nauplius, sai protozoea mataki 3, sai mysis mataki 3. Lobsta mai ƙaya tana da phyllosoma, falle kamar ganye, garai-garai kamar gilashi, wadda ke yin watanni a tsakiyar teku. Yawancin zoea ba su wuce milimita 1 zuwa 3 ba.

Wanda ya saba da kaguwar rafi zai ce bai taɓa ganin haka ba, kuma gaskiyarsa. Kaguwar ruwan daɗi ta Afirka, irin ta gidan Sudanonautes, ba ta da wannan matakin. Uwa tana ɗauke da manyan ƙwai a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe 'yan kaguwa cikakku.

3. Me ya sa maikiroskof kaɗai bai wadatar ba?

Sunayen zoea, megalopa, nauplius da phyllosoma su kansu shaida ne. Masana na da sun raɗa su ne a matsayin sunayen dabbobi masu zaman kansu, ba su san 'ya'yan wasu ba ne. Sai wajajen 1828 zuwa 1830 John Vaughan Thompson ya nuna cewa zoea ɗan kaguwa ne. Akwai wata halitta mai sulke da ƙahoni da aka sa wa suna Cerataspis monstrosa a 1828, ana samunta a cikin tumbin kifin tuna. Shekara sama da 180 ba a san mece ce ba, sai a 2012 DNA ya nuna tsutsar wani jatan lande ce na can ƙasan teku, Plesiopenaeus armatus.

Tsohuwar hanyar tabbatarwa ita ce a kama uwa mai ƙwai, a reni 'ya'yan a lab, a zana kowane mataki. Aiki ne na makonni ko watanni, kuma sau da yawa tsutsotsin suna mutuwa a hanya. Shi ya sa nau'o'i masu yawa har yau ba a bayyana tsutsarsu ba. Ga waɗanda aka bayyana ma, bambanci tsakanin zoea na nau'i biyu 'yan gida ɗaya kan tsaya ne a ƙidayar gashin da ke kan wata gaɓar baki, abin da sai an feɗe da allura. DNA kuwa ba ya sauyawa daga ƙwai har tsufa. Duk da haka ba a ajiye maikiroskof, duba tambaya ta 9.

4. Kaduna ba ta da teku. Ina ruwanmu da wannan?

Aikin teku kwana biyu ne ko uku. Sauran watannin duk a kan tebur ake yin su, kuma teburin zai iya zama a Kaduna. Wanda ya iya PCR, wato dabarar ninka wani yanki na DNA a lab, don gano sammore ko zazzaɓin cizon sauro, hannunsa ya riga ya faɗa a kan rabin aikin.

Ga kuma buƙata. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita kusan 853, da kamun jatan lande irin su Penaeus notialis da Parapenaeopsis atlantica, da kaguwa Callinectes amnicola. Busasshen kirafish da ake aunawa a mudu a Kasuwar Gumi, akasarinsa ƙananan jatan lande ne na bakin teku irin su Nematopalaemon hastatus. Babban jatan landen kogi, Macrobrachium vollenhovenii, yana zaune a ruwan daɗi amma tsutsarsa sai ta sami ruwan zartsi take girma, don haka madatsar ruwa na iya yanke masa hanya. Akwai kuma Penaeus monodon, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, wanda yanzu ake kamawa a Afirka ta Yamma. Ganin babba a raga bai nuna yana haihuwa a wurin ba, ganin tsutsarsa ne ke nunawa. Haka ma binciken ruwan da jiragen ruwa ke ɗauka don daidaita nauyi su zubar a wata tashar, wanda yarjejeniyar duniya a kansa ta fara aiki a 2017.

5. Da me zan koyi aikin kafin in tafi teku?

Da Artemia, wata ƙaramar halitta mai ɓawo da ke rayuwa a ruwan gishiri. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suna sayen ƙwanta a gwangwani don ciyar da 'ya'yan kifi, kuma abin da ke fitowa nauplius ne na gaske, tsawonsa kusan rabin milimita. A narka gishiri giram 25 zuwa 30 a litar ruwa, a zuba ƙwai kaɗan, a sa iska da haske, zafi wajajen digiri 28. Cikin awa 18 zuwa 24 za su ƙyanƙyashe. Yawancin na kasuwa Artemia franciscana ce, saboda haka ka san amsar da kake jira. Wanda ya kasa fitar da bakod daga Artemia guda ɗaya, bai kamata ya taɓa samfurin da ya ci kuɗin mota zuwa Legas ba.

Mataki na gaba shi ne kofefod daga madatsar Kangimi ko kududdufi. Su ne dangin ƙwaron ruwan da ke ɗaukar kurkunu. Sun fi Artemia wuyar sha'ani, kuma nan ne ake koyon ɗaukar abu ɗaya tal da bakin fifet, wato abin tsotso ruwa kaɗan-kaɗan a lab.

6. Yaya ake kamo tsutsotsin?

Da ragar filankton, wato ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa. Ragar tana da siffar mazurari da ɗan kwalba a ƙarshenta. Ido mai faɗin maikuromita 200 zuwa 330 ya dace da zoea, megalopa da mysis. Nauplius yana zurarewa ta cikinsa, sai mai 60 zuwa 100. Ana jan ragar a bayan kwalekwale minti 5 zuwa 10, da gudun da bai fi na mai tafiya a ƙasa ba. In aka yi sauri ko aka daɗe, ragar ta toshe, dabbobin su kakkarye.

Lokaci yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Tsutsotsi da yawa suna hawowa saman ruwa da dare. Kaguwoyin bakin teku da dama suna sakin 'ya'ya da dare lokacin da ruwa ke janyewa, musamman wajen tsayuwar wata da daren sha huɗu, yayin da megalopa ke shigowa da ruwan da ke cikowa. A duba kalandar wata kafin a sayi tikiti. A kowane ja a rubuta rana, lokaci, wurin GPS, zafin ruwa, gishirinsa da girman idon raga, da fensir a kan takarda mai kauri, a jefa cikin kwalbar. Itanol yana wanke tawadar biro da ta maka. Cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island a Legas, da sassan ilimin kifi na jami'o'in bakin teku, su ne wuraren neman abokin aiki mai kwalekwale da raga.

7. A me ake adana su? Fomalin fa?

Yawancin ayyukan da suka lalace a nan suka lalace, tun kafin a isa lab. Fomalin yana riƙe siffa da kyau, amma yana ɗaure DNA da furotin, ya kuma kakkarya shi. Samfurin da ya kwana a fomalin da wuya ya ba da haruffa 658. In ana son duka biyu, a raba abin da aka kamo gida biyu tun a cikin kwalekwale: rabi fomalin don siffa, rabi itanol. Kada a yi amfani da kwalba, raga ko fifet da suka taɓa fomalin a ɓangaren DNA.

Itanol ɗin ya zama tsantsa, kashi 95 ko 96 cikin ɗari. Ba sifirit na kemis ba, domin an gauraya shi da wasu sinadarai, kuma ba kashi 70 ba. A tace ruwan tekun sosai kafin a zuba, saboda gishiri da itanol suna yin farin dusa da ke lulluɓe dabbobin. Filankton kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kwalbar. Abin da aka fi mantawa shi ne sauyi: jikin dabbobin ruwa ne, yana tsatsowa ya tsinka itanol ɗin. Bayan awa 24 a tsiyaye a zuba sabo. In ya sake yin launi ko ya yi duhu, a ƙara sauyawa.

Inda itanol ya yi wuyar samu ko ɗauka, akwai haɗin DESS: DMSO kashi 20, EDTA mola 0.25, da gishiri har ya daina narkewa. Ba ya kama wuta, ba ya busar da dabba ta yi gautsi.

8. Yaya za su iso Kaduna lafiya, kuma yaya za a yi da ɗauke wuta?

Samfurin da aka sauya wa itanol yana jure tafiyar mota in yana cikin kula mai ƙanƙara, ba a but mai zafi ko gefen taga ba. A naɗe murfi da Parafilm, a sa kowace kwalba a leda mai zif. Jirgin sama yana ɗaukar itanol a matsayin abu mai kama wuta, akwai ƙa'ida kan yawansa da yadda ake ɗaure shi, a tambayi kamfanin kafin ranar tafiya.

A lab, a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifiri. Tsutsa a cikin itanol ba ta damu da ɗauke wuta na yini ɗaya ba. Abubuwan da ke lalacewa su ne DNA da aka fitar, firaima (gajerun guntayen DNA da ke nuna wa PCR yankin da zai ninka) da enzayim, saboda daskarewa da narkewa sau da yawa. A rarraba su a ƙananan bututu, a cika gurbin firiza da gorunan ruwa don su riƙe sanyi. A watan Maris da Afrilu a riƙa duba kwalaben da ke waje, itanol yana tsotsewa ko da murfi. Na'urar PCR kuma a haɗa ta da inbata. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta zagaye na iya yankewa.

9. Me ya kamata a yi kafin a fitar da DNA?

A ware tsutsotsin a ƙarƙashin maikiroskof bisa siffa da mataki, a ba kowace ɗaya lamba, a ɗauki hotonta ta gefe da ta sama tare da ma'auni. Waya a kan idon maikiroskof tana wadatarwa in akwai abin riƙewa. A auna tsawon ɓawon da na ƙayar baya. Jerin DNA da ba shi da hoto ko gawar shaida, wato jikin dabbar da aka adana don hujja, ya rasa rabin amfaninsa, domin manufar ita ce a haɗa siffa da suna, ta yadda gobe wani zai gane irinta ba tare da PCR ba.

Tsutsa ɗaya a bututu ɗaya. Zuba biyar tare don “a sami DNA da yawa” yana haifar da cakuɗaɗɗen jeri in ba nau'i ɗaya ba ne, kuma ba ka da hanyar sanin hakan tukuna. A ɗauraye ta sau biyu ko uku a ruwa mai tsabta don cire itanol da tarkacen da ya maƙale mata. Megalopa da phyllosoma suna da girma, ƙafa ɗaya ta isa, a adana sauran.

10. Wace hanya ce ta fi dacewa wajen fitar da DNA daga abu ƙanƙani haka?

Hanyoyi masu sauƙi sun fi ba da sakamako, saboda duk wanki da juyi daga bututu zuwa bututu asarar DNA ne. A hanyar HotSHOT ana sa tsutsar a maikurolita 20 zuwa 30 na ruwan NaOH milimola 25 da EDTA milimola 0.2, a ɗora a digiri 95 na minti 30, a sanyaya, a zuba daidai wannan adadi na Tris-HCl milimola 40. A hanyar Chelex ana amfani da kashi 5 zuwa 10, maikurolita 30 zuwa 50, da ɗan proteinase K, a digiri 56 na awa 1 zuwa 3, sannan minti 10 a digiri 95 don kashe enzayim ɗin. A kiyaye kada ƙwayoyin Chelex su bi fifet zuwa PCR, suna kama magneziyam su tsayar da aikin.

Kit irin DNeasy yana ba da DNA mai tsabta da ke daɗewa, amma da tsada, kuma a rage ruwan wankowa na ƙarshe zuwa maikurolita 30 ko 50. Wani amfani na HotSHOT da proteinase K: in ba a niƙa tsutsar ba, ɓawonta yana saura a ƙasan bututu. A ɗauko shi a mayar cikin itanol ko gilisarin, ya zama gawar shaida, har gashin gaɓoɓi ana iya ƙirgawa. Kada a damu in na'urar auna DNA ta nuna kusan sifiri, PCR ne zai faɗi gaskiya.

11. Waɗanne firaima da wane tsarin PCR?

A fara da na Folmer na 1994, LCO1490 da HCO2198. A haɗin maikurolita 25: masta-miks 12.5, kowane firaima mai ƙarfin maikuromola 10 a sa 0.5 zuwa 1, DNA 1 zuwa 2, ruwa ya cike. Zafi: digiri 94 minti 3, sai zagaye 35 na 94 daƙiƙa 30, 45 zuwa 50 daƙiƙa 40, 72 minti 1, a rufe da 72 minti 7. A jel ɗin agaros kashi 1.5 ana jiran layi ɗaya wajajen 710, wato 658 da tsawon firaima biyu.

A kowane zubi a sa bututu biyu na sa-ido: ɗaya babu DNA, ɗaya da DNA da aka san yana aiki, kamar na Artemia ta tambaya ta 5. In marar DNA ya fitar da layi, duk zubin ya tashi aiki. Yana da kyau a ƙara 16S, wani yankin DNA na maitokondiriya, a matsayin yanki na biyu. Ga kaguwa da jatan lande yana kamawa cikin sauƙi, kuma akwai nau'o'in da 16S kaɗai ke gare su a rumbun bayanan GenBank.

12. Jel bai nuna komai ba. Ina matsalar take?

A fara duba bututun sa-ido mai DNA da aka san yana aiki. In shi ma bai fito ba, laifin kayan haɗi ne ko na'ura. In ya fito, abu uku ne ake zargi. Na farko, masu hana PCR: ragowar itanol, gishiri ko launin ido. A tsinka DNA ɗin kashi 1 cikin 10, ko a ƙara furotin BSA. Abin mamaki ne ga sabon shiga yadda rage DNA ke fitar da layi. Na biyu, firaima bai zauna ba. Na Folmer yana ƙin wasu kofefod da wasu jatan lande, a sauke zafin mannewa zuwa 42 ko 45, ko a koma jgLCO1490 da jgHCO2198 na Geller na 2013. Na uku, DNA ya kakkarye saboda abin da aka faɗa a tambaya ta 7. Gwajinsa shi ne gajeren yanki: mlCOIintF tare da jgHCO2198 yana ba da haruffa 313. In gajere ya fito dogo ya ƙi, adanawa ce ta gaza. Kafin duk wannan, a tabbata tsutsar ta shiga bututun. Sau da yawa tana manne a bakin fifet.

13. Sakamakon karatu ya dawo. Me zan duba?

A nemi a karanta ta ɓangarori biyu, gaba da baya, kuma a karɓi fayil ɗin ab1, ba haruffa kawai ba. A buɗe shi a BioEdit, MEGA ko Geneious, a dubi tsaunukan da ido. A yanke farko da ƙarshe inda suka rikice, a cire firaima, a haɗa biyun. Jeri mai kyau ya wuce haruffa 500, kuma waɗanda ba a tabbatar ba ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba. Tsauni biyu a wuri ɗaya, in sun yawaita, suna nuna DNA iri biyu a bututu.

Kada a yi mamaki in BLAST, manhajar da ke kwatanta jeri da na GenBank, ya ce ƙwayar bakteriya ce, ko kifi, ko ɗan Adam. Firaima na Folmer yana kama wasu bakteriyar teku, tsutsa tana da abinci a cikinta, kuma hannu marar safar roba yana barin nasa. A lokacin hunturu a rufe tagogi, a riƙa rufe bututu nan take, ƙura tana shiga ko'ina.

14. Mene ne NUMT, kuma yaya zan gane shi?

Wani lokaci guntun DNA na maitokondiriya yana ƙaura zuwa cikin cibiyar ƙwayar halitta ya zauna can. Ba ya aiki, don haka yana tara kurakurai ba mai gyarawa. Firaima bai san bambanci ba, yana iya kama shi. Wannan ya yawaita a halittu masu ɓawo, kuma shi ne ke sa ɗalibi ya ɗauka ya gano sabon nau'i.

Gwajin farko shi ne fassara jerin zuwa amino asid. COI na gaske ba shi da alamar tsayawa a tsakiya, kuma ba ya rasa harafi ɗaya ko biyu idan aka jera shi da na danginsa. A zaɓi tsarin fassara na maitokondiriyar dabbobi marasa ƙashin baya, teburi na 5. In aka bar shi a kan na gama-gari, TGA zai fito a matsayin tsayawa alhali a nan tiriftofan ne, sai a zubar da jeri mai kyau. Sabon NUMT da bai daɗe da ƙaura ba zai iya tsallake wannan gwajin. Abin da ke tona shi shi ne saɓani tsakanin COI da 16S na dabba ɗaya.

15. Kashi nawa na daidaito ya isa a rubuta sunan nau'i?

A al'ada, kashi 98 zuwa sama a kan cikakken tsawo ana ɗaukarsa nau'i ɗaya, saboda bambancin cikin nau'i yawanci bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba, na tsakanin nau'o'in masu ɓawo kuma ya kan fi haka nesa ba kusa ba. Amma lambar jagora ce kawai. A dubi na biyu a jerin sakamako: in na farko 99 ne, nau'i na gaba 88, magana ta fito. In sunaye biyu daban duka suna 99, ko dai wani ya saka jeri da sunan kuskure, ko nau'o'in sun rabu ba da daɗewa ba, ko sun yi barbara, tunda maitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonta. Penaeus notialis, alal misali, da farko an ɗauke shi reshe ne na Penaeus duorarum, irin waɗannan sai da taka-tsantsan.

A bincika BOLD, wato rumbun bakod, da GenBank duka, a zana bishiyar dangantaka a MEGA tare da jerin makusanta. A duba sunan a WoRMS, rajistar sunayen halittun teku, domin sunaye suna sauyawa: Penaeus notialis yana fitowa a wasu wurare da Farfantepenaeus, Uca tangeri kuma yanzu Afruca tangeri ce. In daidaito ya tsaya tsakanin 90 da 97, a tsaya a sunan gida a ƙara “sp.”. In ya yi ƙasa da haka, sunan dangi ya isa. Malamin da ya ga an rubuta cikakken suna a kan kashi 86 ya mayar da babin.

16. Mafi kusa da jerina wata kaguwa ce ta Amurka. Ta shigo ruwanmu ke nan?

Da wuya. An fi karanta DNA na dabbobin Turai, Amurka da gabashin Asiya fiye da na mashigin tekun Gini, kuma BLAST ba ya cewa “ban sani ba”, mafi kusa yake miƙowa. Gidan Callinectes yana da 'ya'ya a gaɓoɓin Atlantika biyu. In zoea ta fito kusa da Callinectes sapidus amma da tazara mai faɗi, mai yiwuwa 'yar gida ce da ba a saka jerinta ba.

Maganin shi ne ka gina naka rumbun, kuma a ganinmu da shi ya kamata a fara. A tafiyar da za ka ja raga, ka sayi manyan kaguwa da jatan lande daga masunta a wurin, 3 zuwa 5 na kowane iri, musamman mata masu ƙwai da maza, tunda gaɓar barbarar namiji ce ke rarrabe nau'o'in kaguwa da yawa. A ɗauki hoto kafin launi ya gushe, a yanki tsokar ƙafa a itanol, a adana gawar da lamba, a sa masani ya tabbatar da sunan. Tsutsar da ta yi daidai da babban da ke cikin kwalbarka ta fi ƙarfin hujja a kan wadda ta yi daidai da jerin da ba a san wanda ya raɗa masa suna ba. Waɗanda suka rage babu suna a tara su rukuni-rukuni da manhajar ASAP, ko a yi amfani da lambar rukuni ta BIN da BOLD ke bayarwa.

17. Ba za a iya niƙa kwalbar duka a karanta gaba ɗaya ba?

Za a iya, shi ake kira metabakod. Ana fitar da DNA na dukan filankton, a ninka gajeren yankin nan mai haruffa 313, a karanta a na'urar Illumina ko MinION. Yana ba da jerin sunayen abin da ke cikin ruwa da sauri, ya dace da sa-ido kan baƙin nau'o'i a tashar jiragen ruwa. Sai dai ba ya faɗin mataki, ba ya rarrabe tsutsa da guntun ƙafar babba, ba ya barin gawar shaida, kuma yawan karatu ba yawan dabbobi ba ne, megalopa ɗaya tana iya danne nauplius ɗari. Giɓin rumbu na tambaya ta 16 yana nan daram. Ga aikin digiri na biyu, tsutsa 60 zuwa 100 da aka bi ɗaya bayan ɗaya da hotunansu sun fi sauƙin karewa a gaban masu jarrabawa.

18. Akwai izini da ake buƙata, kuma ina ake ajiye sakamakon?

Fitar da dabba ko DNA zuwa ƙasar waje yana ƙarƙashin ƙa'idojin cin moriyar albarkatun halitta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta fara aiki a 2014, kuma Nijeriya tana da nata ƙa'idojin tun 2009. A tuntuɓi ofishin bincike na jami'a da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin a aika komai, a kuma rubuta yarjejeniyar miƙa samfuri da duk wanda zai karɓa. A wurin kamu, a gaida shugaban masunta a faɗi abin da ya kawo ka kafin raga ta taɓa ruwa.

Jerin kuma a saka shi a BOLD tare da hoto, wurin GPS, rana, firaima da aka yi amfani da su, fayil ɗin ab1 da lambar gawar shaida, daga can ana iya tura shi GenBank a karɓi lambar shiga da mujallu ke nema. A rubuta matakin rayuwa a filinsa, zoea ko megalopa, kuma a nuna cewa ta DNA aka gane ta, don kada wani ya ɗauki jerin tsutsar a matsayin ma'aunin da masani ya tabbatar. Kwalaben su zauna a ma'ajiyar sashe da rajista, a riƙa cika musu itanol aƙalla sau ɗaya a shekara.